Yadda Tukunyar Masu Dafa Giya Ta Koya Wa Birnin New York Yin Sanyi

Matafiyin da ya sauka a filin jirgin sama na John F. Kennedy, wanda aka fi sani da JFK, in ya shiga mota ya nufi Brooklyn, mai yiwuwa ne ya bi ta wani babban titi da ke arewa da filin, mai suna Conduit. Ma'anar sunan ita ce magudanar ruwa. Tun kafin a buɗe filin a shekarar 1948, kai tun kafin a ƙera jirgin sama ma, ta nan aka bi da wata doguwar magudana ta bulo a ƙarshen shekarun 1850, wadda ke ɗebo ruwa daga tafkuna da ƙoramun tsibirin Long Island tana kai wa birnin Brooklyn. Cikin waɗanda suka ci moriyar ruwan nan har da masu dafa giya na unguwar Bushwick, wadda nisanta daga filin jirgin bai kai mil goma ba.

Sanin kowa ne addinin Musulunci ya haramta giya, kuma akasarin masu jin Hausa ba ruwansu da ita. Amma akwai wani ɓangare na tarihin sana'ar da ya shafi kowa, mai sha da wanda ba ya sha. Masu dafa giya sun yi ɗaruruwan shekaru suna fama da matsala guda, watau yadda za a juye tafasasshen ruwa daga tukunya a sanyaya shi da sauri kafin ya lalace. Wajen neman maganin wannan matsala ne suka zuba dukiyarsu a kan injunan yin sanyi tun sauran masana'antu ba su waiwaye su ba, kuma daga waɗannan injuna ne firijin gida da na asibiti suka samo asali.

Inda matsalar take

Dafa giyar Turai ya ɗan yi kama da haɗa kunun zaƙi. Akan jiƙa sha'ir har ya fara tsiro, a shanya shi, a ɓarza, sa'an nan a dama shi da ruwan zafi. Sinadarin da ke cikin tsiron shi ke juya garin ya zama sukari. Sai a tace, a sami wani ruwa mai zaƙi da danƙo, wanda za a iya kira ruwan tsiro. Akan tafasa shi kamar awa ɗaya tare da furen wata shuka mai ɗaci da ake kira hop. Daga nan sai a zuba masa yis, irin ƙwayar halittar nan da ke sa burodi ya kumbura, ita kuwa ta cinye sukarin ta mai da shi giya.

To, a tsakanin tafasa da zuba yis ne hatsarin yake. Ruwan yana sauka daga wuta da zafin digiri 100 a ma'aunin Salsiyas, yis kuwa mutuwa yake yi in an jefa shi cikin irin wannan zafi, sai an jira ruwan ya sauko wajen digiri 20. Muddin yana tafasa ba ƙwayar da za ta rayu a cikinsa. Da zarar ya sauko ƙasa da digiri 60, ya zama ɗumi-ɗumi, ga zaƙi, sai ƙananan halittun da ke cikin iska da ƙura da jikin mazubi su auka masa. Duk matar da ta taɓa barin kunu ya kwana a lokacin bazara ta san abin da ke biyo baya. In ruwan tsiro ya daɗe a wannan hali sai ya yi tsami, ko ya yi yauƙi, ko ya ɗauki wari, hatsi da itace da wahalar yini guda su tafi a banza.

Dabarar mutanen dā ita ce shimfiɗa ruwan. A saman benen gidan dafuwa akan ajiye wani ƙaton faranti na katako ko tagulla, mai faɗin ɗaki guda amma zurfinsa bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, a buɗe tagogi, a kwarara ruwan a ciki ya kwana iska na kaɗa shi. Hikimar ɗaya ce da ta mai shayi da ke ɗaga kofi yana tsiyayawa cikin wani kofin: gwargwadon yawan ruwan da iska ta taɓa, gwargwadon saurin hucewarsa. Sai dai dabarar ba ta ci sai da sanyin hunturu. Shi ya sa a ƙasar Bavariya ta kudancin Jamus aka kafa doka a shekarar 1553 wadda ta hana dafa giya daga ƙarshen watan Afrilu zuwa ƙarshen Satumba.

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta, matan Maguzawa da sauran masu dafa burkutu sun bi wata hanya dabam. Su da gangan suke barin ruwan dawa ya kwana ya yi tsami, su sake tafasa shi, su bar shi ya huce a manyan tukwane, sa'an nan su zuba masa ragowar tsohuwar dafuwa. Tsamin yana cikin ɗanɗanon da masu shanta ke so, kuma yana kare ta daga wasu miyagun ƙwayoyi. Amma burkutu ba ta ajiyuwa, cikin 'yan kwanaki take juyewa, don haka inda aka dafa ta nan ake shanye ta. Wanda yake so ya cika ganga dubu ya aika da su wani gari, tilas ya nemi sanyi.

Zuwan Jamusawa

Mutanen Holan ne suka kafa garin da ya zama New York, suna kiransa New Amsterdam, kuma tun a shekarun 1630 suna da gidan dafa giya. Titin da yanzu ake kira Stone Street a kudancin Manhattan, sunansa na farko Titin Masu Dafa Giya. Ingilishi suka ƙwace garin a shekarar 1664. Kusan shekara ɗari biyu bayan haka, giyar da ake yi a birnin irin ta Ingila ce, wadda yis ɗinta ke aiki a ɗumin ɗaki.

Al'amarin ya sake ne da kwararowar Jamusawa a shekarun 1840 da 1850, musamman bayan tarzomar neman sauyi da aka murƙushe a Turai a 1848 da 1849. Sun zo da irin tasu giyar mai suna laga, daga kalmar Jamusanci mai nufin ajiya. Yis ɗin laga ba ya aiki sosai sai a sanyin digiri 7 zuwa 13, bayan haka kuma sai an ajiye giyar makonni ko watanni a wuri mai sanyi kusa da daskarewa. Wasu 'yan'uwa biyu, Frederick da Maximilian Schaefer, sun buɗe gidan dafuwarsu a Manhattan a 1842. Samuel Liebmann, wani Bayahude daga yankin Württemberg, ya iso a 1854, shi da 'ya'yansa uku suka kafa nasu a Brooklyn, wanda daga baya ya yi suna da giyar Rheingold. George Ehret ya buɗe nasa a 1866, kuma a 1877 babu wanda ya kai shi girma a duk Amurka. Lokacin da aka haɗe Brooklyn da New York a 1898, gidajen dafa giya fiye da 40 ne a Brooklyn kaɗai.

Bazarar New York kuwa tana da zafi da gumi ƙwarai, kuma a lokacin ne jama'a suka fi neman abin sha mai sanyi. Watau lokacin da kasuwa ta fi ci shi ne lokacin da dafuwa ta fi wuya.

Wani Bafaranshe mai suna Jean-Louis Baudelot ya rage wahalar da wata na'ura da ya yi wa rajista a 1856. Bututun tagulla ne aka jera a kwance, ɗaya bisa ɗaya, kamar dannin kara. Ruwan sanyi yana bi ta cikinsu daga ƙasa zuwa sama, ruwan tsiro mai zafi kuma yana gangarowa ta bayansu daga sama zuwa ƙasa, siriri kamar labule. Ta haka, ruwan da ya kusa gama hucewa shi ke haɗuwa da bututun da ya fi sanyi. Aikin da ke cin dare guda sai ya koma na awa ɗaya ko biyu. Amma ruwan rijiya ba ya iya kai ruwan tsiro ga sanyin da laga ke bukata. Sai da ƙanƙara.

Cinikin ƙanƙara

Lissafin abin mai sauƙi ne. Zafin da kilo ɗaya na ƙanƙara ke shanyewa kafin ya narke daidai yake da zafin da za a cire daga lita ɗaya ta ruwa in ana so ta sauko da digiri 80. Ashe ke nan, in da ƙanƙara kaɗai za a yi aikin, kowace lita ta tafasasshen ruwan tsiro sai ta cinye kilo guda. Masu dafuwa sukan fara da iska da ruwan rijiya su ƙarasa da ƙanƙara, amma duk da haka ga ɗakunan ajiya na ƙarƙashin ƙasa da za a riƙa cika wa ƙanƙara duk tsawon bazara. Saboda haka gidajen giya suka zama cikin manyan masu sayen ƙanƙara a ƙasar.

A wancan zamani girbin ƙanƙara ake yi kamar amfanin gona. In hunturu ya tsananta, kogin Hudson da tafkin Rockland da ke arewa da birnin suka daskare, sai dubban ma'aikata su hau kansu da dawaki da zarto, su yanka ƙanƙarar sala-sala, a jibge ta a manyan rumbunan katako, a rufe da ɗusar katako don kada ta narke. Da bazara jiragen ruwa su gangaro da ita New York. Kamfanin Knickerbocker, wanda ya soma a tafkin Rockland a shekarun 1830, shi ya fi suna a wannan ciniki. Wani ɗan kasuwa na Boston, Frederic Tudor, har birnin Kalkata na Indiya ya kai ƙanƙara a jirgin ruwa a 1833.

Sai dai kamar kowane girbi, na ƙanƙara ma yakan ƙi. In hunturu ya zo da sauƙi, kogi bai daskare da kauri ba, sai farashi ya yi tashin gwauron zabi, mai gidan dafuwa ya zauna yana kallon gangunansa suna lalacewa. Ga kuma ƙazantar birane da masana'antu da ta fara gurɓata kogunan da ake yanko ƙanƙarar.

Sanyin inji

Masu bincike sun riga sun san yadda za a yi sanyi ba tare da hunturu ba. Sirrin yana nan a jikin randa. Ruwan da ke tsattsafowa ta bayan randa, in iska ta busar da shi, yakan tafi da zafin ruwan da ke ciki. Kowane ruwa in zai zama tururi sai ya zuƙi zafi daga abin da ke kusa da shi. Sinadarin amoniya kuwa yana zama tururi ne tun a digiri 33 ƙasa da sifili, saboda haka in aka sake shi cikin bututu sai bututun ya yi sanyi har ƙanƙara ta kama bayansa. Aikin inji shi ne ya tattaro tururin ya mai da shi ruwa, ya sake sakinsa, ba tsayawa.

Wani likita na jihar Florida, John Gorrie, ya sami rajistar injin ƙanƙara a 1851 da nufin sanyaya ɗakin masu zazzaɓi, amma bai sami masu zuba kuɗi ba, ya rasu a 1855 cikin talauci. James Harrison na Ostareliya ya ƙera nasa a shekarun 1850, kuma gidajen giya na cikin waɗanda suka fara saya. A Faransa, Ferdinand Carré ya fito da injin amoniya a 1859, wanda wuta ce ke tafiyar da shi: ruwa ya shanye tururin amoniya, a dafa ruwan ya sake shi. Irin wannan inji ne 'ya'yan Liebmann suka kafa a gidan dafuwarsu na Brooklyn a 1870, kuma masana tarihin sana'ar sukan ambaci wannan a matsayin farkon shigar injin sanyi gidajen giya na Amurka. A Jamus ma mai gidan giya na Spaten a birnin Munich, Gabriel Sedlmayr, shi ya ɗauki nauyin gwaje-gwajen wani malamin injiniya, Carl von Linde, wanda ya kafa injinsa na farko a can a 1873, ya kuma fito da ingantacce mai matse amoniya a 1876.

Abin da likita ya kasa samu, masu dafa giya suna da shi: kuɗi, da bukata ta kullum, da asarar da ake iya ƙirgawa. Hunturun 1889 zuwa 1890 ya zo da ɗumi ƙwarai, aka yi yunwar ƙanƙara a biranen gabashin Amurka. Ga masu ƙera injuna abin ya zama gobarar Titi, domin waɗanda ke jan ƙafa duk sun ruga saye. Kafin ƙarnin ya ƙare da wuya a sami babban gidan giya a Amurka da ba shi da injin sanyi. Masu yankan ƙanƙara na kogin Hudson kuwa sana'arsu ta dinga ja da baya har ta mutu.

A daidai wannan lokaci ne kimiyya ta bayyana dalilin tsamin. Louis Pasteur ya buga littafinsa a kan giya a 1876, inda ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke ɓata ta. Emil Christian Hansen na kamfanin Carlsberg a Danmak ya ware tsantsar yis iri guda a 1883. Daga nan aka gane cewa buɗaɗɗen faranti da labulen Baudelot duk suna bai wa ƙura hanya. A 1923 Richard Seligman ya ƙera wata na'ura a Ingila mai jerin siraran faranta na ƙarfe a matse, ruwan zafi na bi ta wannan gefe, na sanyi ta wancan, iska ba ta taɓa ko ɗaya. Masu sarrafa madara da masu dafa giya duk suka karɓe ta. A yankin Brussels na Beljiyam kuwa, sai wasu 'yan gidaje suka riƙe buɗaɗɗen farantin, domin su, kamar masu burkutu, tsamin suke nema, kuma da hunturu kawai suke dafuwa.

Komawa ɗakin girki

Yawan shaye-shaye ya kashe aure da yawa a Amurka, ya talauta iyalai, mata da malaman coci suka yi shekaru suna yaƙi da shi. A watan Janairu na 1920 dokar hana yin giya da sayar da ita ta fara aiki a duk ƙasar. Gidajen dafuwa da yawa suka rufe, wasu suka juya injunansu ga yin ƙanƙara da askirim da lemo. Amma mutane da yawa sun koma dafawa a ɓoye cikin gidajensu, da tukunyar girki da bahon wanka, suka sake cin karo da tsohuwar matsalar da kamfanoni suka riga suka warware. An soke dokar a watan Disamba na 1933, sai dai dafa giya a gida ya ci gaba da zama laifi.

Gidajen Brooklyn ba su sake komawa yadda suke ba. Sanyin da suka taimaka aka samar shi ya ba manyan kamfanonin Milwaukee da St. Louis damar aiko da kayansu a taragon jirgin ƙasa mai sanyi su ci kasuwar New York. A 1976 Rheingold da Schaefer, na ƙarshe da suka rage a Brooklyn, suka rufe, ma'aikata masu yawa suka rasa abin yi. Bayan shekara biyu, a watan Oktoba na 1978, Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa baligi ya dafa galan 100 a shekara don amfanin kansa, watau kimanin lita 380, ko galan 200 in baligan gidan sun kai biyu. Wani tsohon wakilin kamfanin dillancin labarai na AP a Gabas ta Tsakiya, Steve Hindy, wanda ya soma da dafuwar gida, shi da maƙwabcinsa Tom Potter suka kafa Brooklyn Brewery a 1988.

Mai dafuwar gida yakan yi aiki da kimanin lita 19 a lokaci guda, kuma duk dabarunsa ƙananan 'ya'yan waɗancan ne. Wani yakan tsoma tukunyar cikin bahon da aka cika da ruwa da ƙanƙara. Wani yakan naɗe bututun tagulla mai tsawon mita 8 zuwa 15 kamar gammo, ya jefa shi cikin tukunyar tun tana tafasa don zafi ya tsarkake shi, sa'an nan ya haɗa shi da famfo, cikin rabin awa ruwan ya huce. Wani kuma yakan sa siririn bututu cikin babba, zafi na tafiya gabas, sanyi na tafiya yamma, kamar yadda Baudelot ya tsara. A Ostareliya, inda ake tattalin ruwa, wasu sukan juye shi da zafinsa cikin jarkar roba mai jure zafi, su matse iskar su rufe, su bar shi ya kwana. Wajen juyewar ne aka fi jin rauni, domin lita 19 na tafasasshen ruwa mai danƙo ba abin ɗauka da hannu ba ne, kuma in aka zuba shi cikin tulun gilashi mai sanyi, tulun yana iya tsagewa nan take. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Abin da ya wanzu

Injin sanyi bai tsaya a gidan giya ba. A 1882 jirgin ruwa mai suna Dunedin ya kai daskararren naman tumaki daga New Zealand zuwa London. A 1895 Linde ya sanyaya iska har ta zama ruwa, abin da ya buɗe hanyar tace iskar oksijin da ake sa wa majiyyata. A 1902, a wata maɗaba'a ta Brooklyn da ke kusa da gidajen giya na Bushwick, Willis Carrier ya kafa na'urar da ta zama mafarin iyakwandishan, don kada danshi ya riƙa ɓata takarda. Firijin nan mai aiki da kananzir, wanda ya daɗe yana hidima a ɗakunan shan magani na karkarar Nijeriya da Nijar, jikan injin Carré ne, ɗan harshen wutar da ke ƙasansa shi ke juya amoniya. Da irinsa aka riƙa adana allurar rigakafi bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirinta na rigakafin yara a 1974, domin akasarin alluran sai a sanyin digiri 2 zuwa 8 suke zama lafiya.

A ƙasar Hausa kuma wani malami daga jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya koma kan hikimar randa. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, tumatir da gauta suka riƙa yin kwanaki ba su ruɓe ba a ƙauyukan da ba lantarki. Wannan ya sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

An daɗe da daina amfani da tsohuwar magudanar Brooklyn, sunanta kawai ya rage a allon titi. A gefenta, cikin ɗakunan ajiyar kaya na filin JFK, akwai ɗakuna masu sanyi inda kifi da furanni da magunguna ke jiran jirgi ko motar da za ta kwashe su.